Marin da Aka Ƙera wa Ɗangiwa

A Kebbe, in ka tambayi tsofaffi wa ya fi iya fitar da bakin lauje a zamaninsu, za su ce maka Ɗangiwa maƙeri. In ka ƙara zama, za su ce shi ne kuma mutumin da ba a ganinsa shi kaɗai ranar kasuwar Tambuwal. Suna faɗin wannan suna dariya, don sun ɗauka ɗabi'a ce kawai. Ba ɗabi'a ba ce, tsoro ne, kuma yana da tushe.

Sunan ma tsokana ce. An haife shi ɗan firit, kakarsa ta dube shi ta ce ga ɗan giwa ya iso, sunan ya bi shi. Ya girma gajere siriri, ba abin da ya cika a jikinsa sai damatsa. Shi da wansa Attahiru suka gaji maƙerar ubansu: rumfa ɗaya, uwar maƙera ɗaya, zugazugi ɗaya. In wannan na ƙira, wancan na zuga. Attahiru mutum ne mai tsauri, in ya yi maka murmushi bana sai ka adana shi har baɗi. Abu guda aka san yana da laushi a kai, shi ne jinya. Da ubansu ya kwanta ciwon ajali, wata bakwai Attahiru ya yi a gefen tabarmarsa, shi ke juya shi, shi ke ba shi kunu. A wurinsa babu abin kunyar da ya kai a ce ɗan gida yana ciwo ba wanda ke zaune kusa da shi.

Ban da fartanya da lauje da gatari, akwai wani aikin da ake kawo wa gidan, wanda ba a faɗinsa da ƙarfi. Mari ne, zobba biyu na ƙarfe da sarƙa a tsakani, da ake sa wa mai taɓin hankali a ƙafa. Dangi ba sa kawo mutum awo. Zaren kaba suke zagaya idon sawunsa da shi, su ƙulla, su zo su ajiye ƙullin a kan uwar maƙera ba su ce uffan ba. Maƙeri ya gani ya gane. In an gama ƙira, shi zai je ya rufe zoben a ƙafa, ya zura ƙusa a hudar, ya buge kanta. Daga nan ba mai cire shi sai maƙeri.

Ɗangiwa ya buga wa mutane da dama, amma ɗaya ne ya ƙi barin ransa. Malami sunansa, abokinsa tun suna wasan ƙasa. Maza huɗu suka danne shi yana fizge-fizge. Da Ɗangiwa ya durƙusa da masaba, gudumar maƙera, sai Malami ya yi lakwas, ya dube shi da ido na lafiya, ya ce, "Ɗangiwa, kai na?" Ya buga ƙusar dai, don aikinsa ne. Shekara huɗu Malami na jan sarƙa a gindin tsamiyar bayan gidansu kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a shekarun nan Ɗangiwa bai sake bin wannan lungun ba.

Sai kuɗin mai suka zo. Da aka ba Sakkwato jiharta, 'yan kwangila suka cika Tambuwal, ana ta gine-gine, kowane gini na son sakata da ƙyaure da ƙarfen taga. A da, manomi ba ya biyan maƙeri sai kaka ta yi, ya kawo masa damin gero har gida. Yanzu kuwa ka miƙa sakata, a miƙo maka takarda sabuwa fil tana ƙamshi. Attahiru ba ya son tafiya, don haka Ɗangiwa ke hawa a-kori-kura da kaya duk ranar kasuwa.

Bayan tashar mota akwai wata rumfar zana, a ciki tabarma, a kan tabarma karta. Ranar farko ma ba shiga ya yi niyya ba. Wani direba ne ya ce ya riƙe masa hannu ɗaya zai je ya duba taya. Ya riƙe, ya ci. Ya sa nasa, ya sake ci. Ya koma gida da turmin atamfa ga matarsa Nana, yana jin Allah ya buɗe masa wata ƙofa da sauran maƙera ba su gani ba. Da an cinye shi a ranar, da ya tsira.

Cikin shekara ɗaya kekensa ya tafi, rediyo ta bi, sannan kwanonin jeren Nana suka fara raguwa daga sama. Maganarsa kullum ɗaya ce, cutarsa ake yi, masu rabon kartar ne ba su da gaskiya, ranar da ya gano dabararsu zai kwaso duk abin da ya bari. Ya nemi layar sa'a. Ya yi rantsuwa ya karya, ya yi kaffara, ya sake rantsuwa. Abin da ya fara firgita shi ba asarar ba ce. Zai fito daga Kebbe da niyya mai ƙarfi, ya sauke kaya, ya kama hanyar masallaci, sai kawai ya ga kansa zaune a tabarma da karta a hannu, bai san lokacin da ya yanke shawarar ba. Ƙafafun ne suka kawo shi. Sai ya riƙa tambayar kansa ko haka na Malami ya fara, kuma bai da wanda zai tambaya.

Gab da damina manoman ƙauyen Fakku suka ba da aikin fartanyoyi. Ya ƙera su tsaf, ya ɗaure, sai ya bi da su Tambuwal ya sayar, kuɗin suka ƙare a tabarma. Ruwan shuka ya sauka, mutane suka zo ƙofar gida suna sallama. Attahiru bai yi faɗa ba. Kwana uku yana ƙera wasu, ya sallami kowa. Safiya ta huɗu Ɗangiwa ya shigo rumfa ya tarar da ƙullin kaba a kan uwar maƙera.

"Yaya, wa anka kawo ma awo?"

"Zuga," in ji Attahiru.

Ya zauna ya kama zugazugi. Idonsa na kan kabar. Zoben ƙarami ne ƙwarai, kuma a duk Kebbe babban mutum ɗaya ne mai idon sawu haka. Sai ya tuna jiya da rana, yana ɗan barci a rumfar, ya ji kamar ƙwaro na bin ƙafarsa. Gumi ya karyo masa. Haka ya zauna yana hura wutar da ake ƙera marinsa, bai iya tashi ba. Da aka zo wurin huda zobban, Attahiru ya ce ya tashi ya ba shi wuri, shi zai ƙarasa.

Da la'asar ya kira shi. Marin na rataye a ginshiƙin rumfa, daidai bayan inda Ɗangiwa ke zama.

"Ka ga wanga? Naka na. Ni ban san mai hankalin da za shi saida fartanyar mutane ruwa na bisa ba. Ka sake zama tabarmar nan sau guda, ni da hannuna za ni buga maka shi."

Tun daga ranar Ɗangiwa bai ɗaga kai ya dubi ginshiƙin ba. Ba ya bukatar duba. Iska na kaɗawa, sarƙar za ta yi ɗan ƙara a bayan ƙeyarsa. Ya ji tsoro ƙwarai, amma abin takaici, tsoron bai kashe son kartar ba. Biyun suka zauna tare a cikinsa suna cinsa. Kasuwa biyu ya daure. Ana saura kwana ɗaya ta uku, yana ƙira hankalinsa na can bayan tasha, ya manta da awartaki, ya miƙa hannu ya ɗauko jan lauje daga wuta.

Washegari aka sa shi mota zuwa asibiti a Tambuwal. Wanda ya karɓe shi wani nas ne, Malam Tambaya, kuma ya ci sunansa, don ba ya taɓa ka da auduga sai ya yi maka tambaya uku. Ya yi kwas a kan ciwon ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ce masa Likita a gabansa, malamin mahaukata a bayansa. Da Ɗangiwa ya san haka, da ya gwammace hannun ya ruɓe.

"Shekara nawa kana ƙira, Malam?" in ji Tambaya yana wanke ƙunar.

"Tun ban kai kaciya ba, Likita."

"To, ina hankalinka yat tafi, har kad ɗauki jan ƙarfe da hannu?"

"Hankalina lafiya lau shike!" Ya faɗa da ƙarfi har na kan benci a waje suka leƙo.

Tambaya ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya ci gaba da wanki, bai ce komai ba. Shirun ne ya karya Ɗangiwa. Shekara guda kowa na yi masa wa'azi ko zagi, ba wanda ya taɓa yin shiru yana jiransa. Ya fara da direban nan, ya ƙare da fartanyoyin Fakku. Marin kaɗai ya ɓoye.

Tambaya ya ɗaure bandeji, ya ce, "Malam Ɗangiwa, wagga cuta ta."

Ɗangiwa ya yi zumbur, fuskarsa ta washe. "Allah shi yi maka albarka, Likita! Ai na daɗe ina faɗi! Cutata sukai. Wata alama sunka sa ga kartar, ni na sani."

Laifin Hausa ne, da ta ba abu biyu suna ɗaya. Likita na nufin ciwo, maƙeri ya ji zamba, kuma abin da yake so ya ji ke nan tun shekara guda.

"Ba wagga cutar nika faɗi ba," in ji Tambaya. "Ko mutumin da yaf fi kowa gaskiya garin ga aka ba rabon kartar, komawa za ka yi har ka ƙare. Cuta nika nufi ta asibiti, awa tari, awa ciwon suga. Ba kai kaɗai ba na, na ga wasu."

Murnar ta zube. Ɗangiwa ya ji ƙarar sarƙa a kunnensa kamar yana cikin rumfa. Da ƙyar ya ce, "Hauka ke nan, Likita?"

"Ba hauka ba ta. Kuma ko masu wancan ciwon, ba ƙarfe ka warkar da su ba."

Nan ne ya faɗi zancen marin, yana kuka kamar ba magidanci ba. Tambaya ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi barcinsa, da cin abincinsa, ya kuma tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu. Ɗangiwa ya ce akwai ranar da ya daɗe tsaye a bakin rijiyar gona. Tambaya ya sa shi ya yi alkawari in tunanin ya dawo zai faɗa wa Nana a take, ya kuma zo ko ba ranar kasuwa ba.

Sai maƙeri ya naɗe hannun riga yana jiran allura. Mutanenmu dai in ba a soke su ba, ba a yi musu magani ba. Tambaya ya ce wannan ciwon ba shi da allura. Maganinsa zuwa ne, duk ranar kasuwa, kafin ya taka ko'ina.

Haka aka fara. Tambaya na wanke ƙuna yana tambaya. A ina abin ke farawa a jikinka? Ɗangiwa bai taɓa lura ba, sai da ya sa ido: tafin hannu ke ƙaiƙayi da zarar ya ji hon ɗin motar kasuwa, sannan ciki ya ɗaure. In ya taso, yana daɗewa? Bai sani ba, don bai taɓa jira ya gani ba. Sai Tambaya ya zaunar da shi a benci, ya ajiye agogonsa a tsakaninsu, ya ce su jira tare. Abin ya taso, ya yi zafi, Ɗangiwa ya miƙe sau biyu ya zauna, ya jiƙe sharkaf. Can sai ya ji yana sauka da kansa.

"Likita," ya ce da mamaki, "awa ƙarfe na. In kaf fidda shi wuta ba ka buga ba, hucewa shikai."

"To ka ga, kai ka fi ni saninai."

Suka tsara sauran. Manoma su koma biya da dami kamar zamanin ubansa. Kuɗin 'yan kwangila direba ya kai wa Nana a gida, kada su kwana a aljihunsa ko na sa'a ɗaya. Ya riƙa sauka daga mota kafin tasha. In kuma ya zame ya yi cacar, kada ya ɓoye, ya zo ya faɗa, don zamewa na cikin ciwon. Duk ya yarda. Abu ɗaya ya ƙi.

"Ina mai jinyarka?" Kowane zuwa sai Tambaya ya tambaya.

"Ba ni da."

"Kana da wa."

"Likita, ran da Yaya yaj ji an ce cuta gare ni ga kai, ran nan nika shiga mari. Ka rufa mani asiri."

Ƙunar ta warke cikin wata guda. Sai ga sabon tsoro, don in Attahiru ya ga hannu ya warke, da wane dalili zai ci gaba da zuwa asibiti? Ɗangiwa ya ci gaba da naɗe lafiyayyen hannu da bandeji, yana zuga da ɗaya, yana ɗan yamutsa fuska in wansa ya dubo. Nana ce ke wanke bandejin. Ta ga ba jini ba ruwa, ta tambaya, ya faɗa mata duka. Sai ta riƙa shafa wa ƙyallen ɗan manja don ya yi kama da na mai ciwo.

Wata uku bai zauna tabarma ba. Ya fara cin tuwo har ya nemi ƙari. Amma duk ranar kasuwa zuciyarsa na bugawa tun daga Kebbe har ƙofar asibiti, kuma sarƙar na nan tana ƙara a ginshiƙi.

Ran nan da kaka ya iso ya tarar da ɗakin Tambaya a rufe. An ce ya tafi Sakkwato karɓo magunguna. Ya zauna a benci shi kaɗai, ba agogo, ba mai tambaya. Ya ce bari ya koma gida da wuri. A bakin hanya wani wakilin ɗan kwangila ya gan shi, ya yi murna an hutar da shi neman direba, ya cusa masa kuɗin sakatu cikin hannun nan mai bandeji, ya wuce. Ɗangiwa ya tsaya cak. Ya ce wa kansa ƙarfe ne, zai huce. Ya yi ta jira, ga hayaniyar tasha na shiga kunnensa, abin ya ƙi hucewa. Kafin azahar yana kan tabarma. Kafin la'asar ko rigar sama ba shi da ita.

Da ya fito ya ga motar farko ta Kebbe ta tashi, kuma ya san cikin fasinjojin akwai waɗanda suka gan shi. Ga motar Sakkwato na lodi. Ya tsaya yana kallonta, ya san in ya roƙi direba zai ɗauke shi, ya ɓace inda ba wanda ya san awon ƙafarsa. Sai ya tuna Nana da manjanta, ya tuna an ce in ya zame kada ya ɓoye. Ya hau motar Kebbe ta biyu.

Rana ta yi sanyi da ya iso. Attahiru na zaune a rumfa. Marin ba ya ginshiƙi, yana kan uwar maƙera, masaba a gefensa. Ba wanda ya yi sallama. Ɗangiwa ya san aikin, ya san inda ake zama. Ya zauna a ƙasa, ya miƙa ƙafa, ya runtse ido. Ya ji sanyin ƙarfe ya zagaye idon sawunsa, daidai cif, don Attahiru ba ya kuskuren awo. Ya so ya ce, Yaya, kai na?

Yana jiran ƙusa, sai ya ji an kama hannunsa. Bandejin ya kwance tun a wurin karta, yana reto.

"Wanga hannu ya warke," in ji Attahiru.

"Ya yi wata biyu, Yaya."

"To mi kaka zuwa yi asibiti? Ko shi ma ƙarya ta?"

Kalmar da ya yi wata uku yana ɓoyewa ita kaɗai ta rage masa. Ƙarfe dai ya riga ya hau ƙafa. Ya ce, "Cuta gare ni, Yaya."

"Cuta kam ka yi ta. Ka cuci mutanen Fakku, ka cuci matarka, ka cuci sunan ubanmu."

"Ba ita ba. Ta asibiti. Likita yac ce cacar ga ciwo na, kuma ba hauka ba na. Magani nikai wurinai, wata uku ban taɓa karta ba sai yau da ban ishe shi ba. Kullum sai ya ce in zo da mai jinya."

Daga bayan zana muryar Nana ta fito. "Gaskiya na, Yaya. Ni ka wanke ƙyallen."

Ɗangiwa ya buɗe ido, ya ga Attahiru ya kafe shi da kallo.

"Yac ce ka zo da mai jinya. Kac ce mai mi?"

"Nac ce ba ni da."

Ɗangiwa ya sha ganin fushin wansa, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Attahiru ya miƙe tsaye.

"Wata uku? Ɗan gidan ga na zaune bisa bencin asibiti shi kaɗai, mutane na wucewa suna ganinai? Kuma ka buɗe baki ka ce ma baƙo ba ka da kowa? Ni na mutu? Ɗangiwa, ni na mutu?"

Ya duƙa ya fizge zoben daga ƙafar, ya mayar da marin ginshiƙi. Ya juya baya ya daɗe yana gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Sannan ya ce, "Ban ce na yarda ba. Sai naj ji ga bakinai."

Kasuwa ta gaba mutanen Kebbe suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Attahiru a bayan a-kori-kura. Ya zo da tabarma a naɗe, da buta, da kwanon fura, shirin jinya sosai kamar za a kwantar da mutum. Tambaya ya shiga da shi ɗaki, suka daɗe, Ɗangiwa na waje yana mutuwa yana farfaɗowa. Da suka fito, Attahiru ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tambayar da kowane mai jinya ke yi.

"To, Likita, mi shika ci, mi ba shi ci?"

Tambaya ya danne dariya. "Komi shi ci. Kuɗi na dai ba a ba shi ga hannu. Ranar kasuwa kuma ba a barinai shi kaɗai."

Attahiru ya gyaɗa kai kamar an ba shi ƙa'idar shan magani, kuma haka ya riƙe ta. Ba wai Ɗangiwa ya warke sarai ba. Sau biyu ya sake zamewa a shekarun farko, sau biyun Attahiru ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙi, ya daɗe, sannan ya naɗe tabarma suka nufi asibiti. Daga baya aka yi wa Tambaya canjin wurin aiki, kuɗin mai suka janye, 'yan kwangila suka watse. Zaman dai bai watse ba. Duk ranar kasuwa, ko a Tambuwal ko a gida, in ka ga Ɗangiwa za ka ga wansa a gefe, ba hira, ba dariya, yana zaune kawai har hon ɗin mota ya daina. Marin kuma bai sauka daga ginshiƙi ba, Ɗangiwa bai daina jin tsoronsa ba, bai kuma taɓa dubansa ba.

Shekara goma sha bakwai aka yi a haka, sannan Attahiru ya kwanta. Ɗangiwa ya yi jinyarsa, shi ke juya shi, shi ke ba shi kunu, har ya cika.

Bayan addu'ar bakwai ranar kasuwa ta zo. Ɗangiwa na zaune a rumfa shi kaɗai, furfura ta cika masa gemu, sai motar kasuwa ta danna hon. Tafin hannunsa ya yi ƙaiƙayi kamar jiya ya bari. Ya dubi gefensa, ba kowa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar kabar nan. Ya ce gara ya buga wa kansa da hannunsa da ya ga ƙafafun nan sun sake kai shi. Ya tashi ya sauko da marin, karo na farko a rayuwarsa, ya ɗauko ƙusa da masaba. Ya rufe zoben a idon sawunsa yana laluben inda zai zura ƙusar.

Babu huda. Ya juya zoben, ya kankare tsatsa da farce, ya ɗauki ɗayan ya ɗaga shi ga haske. Ƙarfe ne sumul, ba a taɓa huda shi ba. Ranar da Attahiru ya ce ya tashi ya ba shi wuri, ashe zama ya yi shi kaɗai da zobba biyu a hannu, ya kasa huda su.

Ɗangiwa ya ɗora marin a cinya ya yi kukan da bai yi ba ran jana'iza. Motar ta sake danna hon. Ya share fuska da bakin riga, ya juya wajen zana ya ɗaga murya yana kiran Nana.

"Uwargida! Ɗauko tabarma ki zo ki zauna. Yau kasuwa ta."